Daga Kofaton Saniya Zuwa Gidan Murjani

Minti ashirin da 'yan kai jirgin fito ya yi da mu daga Townsville zuwa tsibirin Magnetic, amma ni na yi shekaru ina wannan tafiya a zuci. Tun ina kallon Babbar Katangar Murjani ta Ostireliya a talabijin, ruwa garau, kifaye kala-kala suna kai-kawo, na ƙudurta in Allah Ya ara min rai sai na gani da idona. To ga ni a watan Oktoba, na ɗaura tabarau na ninƙaya, na cusa bututun numfashi a baki, na kifa fuskata cikin ruwan Geoffrey Bay. Abin da na fara gani shi ne hannuna. Na ɗan jira ido ya saba, na sake dubawa, nan ma hannun nawa ne.

Ruwan ya yi dishi-dishi, kamar hazo ya sauka cikinsa. Sai da na nutsa sosai sannan siffofi suka fara bayyana: wasu kamar faranti, wasu kamar ganyen da aka nannaɗe, wasu dunƙule-dunƙule kamar duwatsu, galibinsu ruwan ƙasa. Matashiyar da take mana jagora ta matso kusa da wani faffaɗan murjani, ta kaɗa tafinta a samansa ba tare da ta taɓa shi ba, sai ƙura ta tashi luu, irin wadda ke tashi idan aka buɗe ɗakin da aka daɗe ba a share ba. A ƙarƙashin ƙurar akwai launi, ɗanyen kore mai ɗan sheƙi. Kafin mu juya, ƙurar ta fara komawa mazauninta.

Da muka fito na kasa ɓoye ɓacin raina. Ta yi dariya ta ce, "Malam, kai irin ta talabijin kake nema. Waccan tana can waje, sai an yi awa biyu ko fiye a jirgi mai gudu. Wannan ta bakin gaɓa ce, ita ce take shan duk abin da tudu ya zubo."

Na ce mata ai an yi watanni ba a yi ruwan kirki ba, domin a wannan yanki damina daga Disamba take kankama zuwa Maris, yanzu ƙarshen rani ake. Daga ina laka za ta fito? Ta ce lakar tana kwance a ƙasan teku tun ambaliyar baya, iska ce take tayar da ita duk lokacin da ta kaɗa da ƙarfi, ta sake kwanciya, a sake tayar da ita, wata da watanni. Ta ƙara da cewa yashe hanyar manyan jiragen ruwa ma yakan tayar da nasa. Amma asalin inda aka haifi lakar? Sai ta nuna min can ƙetaren ruwa, wajen tudu, ta ce, "Je ka tambayi shanu."

Ruwa ba ya tsami banza. Na soke shirin da na yi na kwana huɗu a bakin teku, na ɗauki hayar mota.

Kafin in bar tsibirin sai da na sa ta yi min bayanin abin da lakar ke yi wa murjani, domin ni da dutse na ɗauke shi, me ƙura za ta yi wa dutse? Ashe dabba ce, ƙanana ƙwarai, dubbai a haɗe, kowace zaune cikin ɗan ƙoƙon farar ƙasa da ta gina wa kanta. A cikin naman jikinta akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa hasken rana ta samar da abinci, kuma daga gare ta murjanin ke samun mafi yawan abin da yake rayuwa da shi, wani lokaci har kashi 90 cikin ɗari. Idan ruwa ya yi duhu, gansakukar ta rasa haske, mai masaukinta ya kwana da yunwa. Idan kuma lakar ta sauka a jikinsa, sai ya riƙa fitar da yauƙi yana tattare ta yana zubarwa, ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen girma da haihuwa ya ƙare a shara. Tsagwaron rairayi ma da sauƙi. Mafi muni ita ce laka mai laushi da ta cakuɗu da ruɓaɓɓen abu ta zama dunƙule mai danƙo, wadda idan ta manne, ƙwayoyin cuta sukan cinye iskar da ke wurin, naman ya fara mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Zangona na farko Cape Ferguson, kimanin kilomita 50 daga Townsville, inda cibiyar binciken teku ta Ostireliya take, wadda aka kafa a 1972. Wata mai bincike da aka haɗa ni da ita ta shigar da ni wani ɗaki, ta ɗauko wani siririn yanki fari fat, mai tsawo kamar sanda. An haƙo shi ne daga cikin wani katon murjani irin wanda ake kira Porites, mai girman ɗaki, wanda ba ya ƙara fiye da santimita ɗaya zuwa biyu a shekara. Ta kashe fitila, ta kunna wata mai shuɗin haske. Nan take layuka suka fito a jikin sandar, suna walƙiya ruwan ɗorawa, wasu sirara kamar zare, wasu masu kauri.

Ta ce, "Kowane layi ambaliya ce." Ta ɗora yatsa kan wani mai haske sosai ta ce 1974, ta matsa sama kaɗan ta ce 1991.

Wani masanin cibiyar mai suna Peter Isdale ne ya bayyana wannan a 1984. Daga baya, a 2003, Malcolm McCulloch da abokan aikinsa suka auna wani sinadari da ake kira bariyam a cikin murjanin tsibirin Havannah, can arewa da Townsville. Wannan sinadari yana zuwa ne manne da laka, idan ruwan kogi ya haɗu da na gishiri sai ya saki, murjani ya haɗiye shi cikin ƙashinsa. Lissafin ya koma baya har wajen 1750. Fiye da shekara ɗari kogin Burdekin yana ambaliyarsa, lakar ba ta taka kara ta karya ba. Daga wajen 1870 sai ta ninka sau biyar zuwa goma. Turawa sun shigo yankin da tumaki da shanu a shekarun 1860, an kafa garin Bowen a 1861, Townsville a 1864. Kuma lakar ta fi yawa a ambaliyar da ke zuwa bayan dogon fari, lokacin da ƙasa take tsirara.

Na daɗe tsaye cikin duhun nan. Mutanen Wulgurukaba da Bindal da Juru, 'yan asalin ƙasar, sun zauna a wannan gaɓa shekaru dubbai, ba su bar irin wannan tabo ba. Shanu suka zo, cikin shekara goma dutsen da ke ƙarƙashin teku ya shaida zuwansu, ba tare da kowa ya gaya masa ba.

Washegari na kama hanyar Charters Towers. Tafiya ce ta kamar awa ɗaya da rabi, ba abin gani sai itatuwan turare jefi-jefi, da suri, da shanu masu tozo suna laɓewa a inuwa. A gadar Macrossan na fara haɗuwa da Burdekin. Raina shi na yi, gaskiya: fili ne na yashi mai faɗi, da ɗan ruwa yana lallaɓawa ta gefe, wanda yaro ma zai tsallake a wasu wurare. Amma a kan tudu akwai wani dogon turke da aka jera wa alamun inda ambaliya ta taɓa kaiwa, kowace da shekararta. Ta can ƙoli ita ce ta 1946, kusan mita 22. Na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa. Ƙasar da ke zuba ruwanta cikin wannan kogi ta kai murabba'in kilomita 130,000, wato kusan faɗin Ingila, kuma mafi yawanta makiyaya ce. Kogin yakan yi watanni yana barci, sannan cikin 'yan makonni ya kwashe aikin shekara guda ya kai teku.

Akwai madatsar ruwa a tsakiyarsa, wadda aka gama a 1987, kuma tana tare fiye da rabin lakar da ke gangarowa. Sai dai abu biyu suna rage mata amfani ta wannan fuska. Wadda take tarewa ita ce mai nauyi, mai laushin nan da ta fi cutar da murjani tana bin ruwa ta tsallake. Sannan kogin Bowen da na Bogie a ƙasan madatsar suke shigowa, kuma su ne suka yi ƙaurin suna wajen zaizaya. Don haka na juyo na nufi kudu.

Tsakanin Ayr da Home Hill akwai gadar ƙarfe da ta haura kilomita ɗaya, an buɗe ta a 1957, mota da jirgin ƙasa duk ta kanta suke bi. Nan duniyar rake ce, kore shar ko'ina ka duba. Da magariba na ga wuta ta tashi a wata gona, harshenta ya fi rufin gida tsawo, domin manoman Burdekin har yau suna ƙona rake kafin yanka, baƙar toka tana sauka kan gilashin mota. Abin da rake ke aika wa teku ya fi karkata ga takin zamani da maganin ciyawa. Takin da shuka ba ta sha ba yana bin ruwa, a teku ya ciyar da gansakuka, ruwa ya ƙara duhu, ciyawar teku mai saurin girma ta mamaye gurbin murjani. Masana da yawa suna kuma danganta shi da annobar wata tauraruwar teku mai ƙaya, wadda ke kifa cikinta kan murjani ta narkar da namansa ta bar farin ƙashi. Macen tana zuba ƙwai miliyoyi, tsutsotsin kuma da wannan gansakuka suke rayuwa, idan abinci ya yawaita sai waɗanda da yunwa za ta kashe su rayu. Ban daɗe a Ayr ba. Hankalina yana kan shanu.

Daga Bowen na shige cikin tudu wajen Collinsville, inda wani dattijo mai kiwo ya yarda ya zaga da ni. Doguwar hula mai malafa, fuska duk rana ta gasa, magana ƙasa-ƙasa. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Kai ma an turo ka ka ga mai laifi ko?"

Na ce, "A'a Baba, ni baƙo ne, laka na biyo."

Ya ce, "To shigo mota, in kai ka gidanta."

Mun yi tafiya mai nisa cikin makiyayarsa kafin ya tsaya. Da farko ban ga komai ba, fili ne shimfiɗe. Da muka taka 'yan taku sai ƙasa ta ƙare a gabanmu. Kwazazzabo ne, zurfinsa ya fi tsayin mutum uku, ya rarrabu kamar yatsun hannu, bangonsa fari da ja-ja, ga ginshiƙan ƙasa tsaye a tsakiya kamar kufan gari. Wata bishiya tana rataye a baki, rabin saiwoyinta a iska. Ya nuna min turakun wani tsohon shinge suna lilo da waya a kan rami, ya ce mahaifinsa ne ya kafa su, kuma a lokacin a kan ƙasa ya kafa su.

Ya sauka ya ɓanɓaro ɗan dunƙule daga bangon, ya zuba ruwan sama da yake tarawa cikin kofi, ya jefa shi. Bai motsa kofin ba. Ina kallo dunƙulen ya fara sakin wani farin hayaƙi, ya ruguje, cikin 'yan mintoci ruwan ya turɓune gaba ɗaya. Ƙasar can ciki tana da sinadarin gishiri irin na kanwa, wanda ke sa yumɓu ya tarwatse da zarar ya ji ruwa. Muddin fatar ƙasa ta sama da ciyawarta suna nan, lafiya lau. Amma shanu dabbobi ne masu bin sawu ɗaya. Kullum hanya guda suke bi zuwa mashaya, kofato ya sassaƙe ciyawa, ya daddaɓe ƙasa, hanyar ta zama ɗan kwararo. Ruwan farko ya bi kwararon, ya tsaga fatar, ya taɓa ta ciki. Daga nan kuma ba ruwan kwazazzabo da saniya, shi da kansa yake ci yana ja da baya, kowace damina ya ƙara gaba cikin makiyaya.

Ya ce ajiye kofin har gobe, ba zai washe ba. Nan na tuna hannuna a Geoffrey Bay.

Akwai wata hanya da masana suka tabbatar cewa daga irin waɗannan ramuka mafi yawan lakar take, kuma ta ba ni mamaki. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da 1960 sun yayyafa wa duniya wani sinadari mai suna siziyam 137, ya zauna a 'yan santimitocin saman ƙasa. Ƙasar can ciki ba ta da shi. Da aka ɗebi lakar kogunan nan aka auna, sai aka tarar galibinta ba ta ɗauke da tambarin, wato daga kwazazzabai da gaɓoɓin kogi ta fito. Hakan ya sauya inda ake zuba kuɗi, domin ƙaramin yanki na ƙasa ne ke haifar da babban kaso na matsalar.

Dattijon bai musa komai daga wannan ba. Abin da ke cin ransa daban ne. Ya ce ramin ya girme shi, tun zamanin kakanni ya fara, lokacin da ba wanda ya san ƙasar nan ba irin ta Turai ba ce. Ya ce a shekarun 1960 da 1970 aka koma kiwon shanu masu tozo da ke jure fari, aka kawo musu gishirin lasa mai ƙarin sinadari, sai ya zama fari ba ya rage garke kamar da, shanu suna nan suna ci har ciyawa ta ƙare ƙurmus, kuma a lokacin ci gaba ake kiran hakan. Yanzu kuma, tun dokar da majalisar jihar Kwinsland ta zartar a 2019, shi ne ake nuna wa yatsa. Ya ce, "Ɗana, wa ya fi ni asara? Su murjani suke kuka da shi. Ni ƙasata ce take tafiya, kuma ba ta dawowa."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari ba, domin a kan hanya na ga makiyayu biyu da waya ɗaya ta raba, ɗaya ciyawa har gwiwa, ɗaya ƙasa tsirara, ruwan sama iri ɗaya suke samu, bambancin kawai yawan bakin da aka sake a kai. Wannan ba laifin kakanni ba ne. Amma ramin da na gani ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya kai ni wani gefe da aka gyara da tallafi: katafila ta kwantar da bangon, an cakuɗa ƙasar da farin sinadarin jifsam don yumɓun ya daina tarwatsewa, an shimfiɗa duwatsu a inda ruwa ke faɗowa, an baza busasshiyar ciyawa da iri, an kewaye da shinge. Ya yi kyau, ciyawa ta kama. Sai dai ɗan yanki ne, kuma irin ramukan nan a wannan kwari ba sa ƙirguwa. Gwamnatocin Ostireliya da Kwinsland sun sa wa kansu burin rage laka mai laushi da kashi 25 cikin ɗari, da narkakken taki da kashi 60, zuwa 2025, kuma rahotanninsu da kansu suka riƙa nuna cewa tafiyar hawainiya ake yi. Sauran aikin mai araha ne amma mai wuyar yarda: rage shanu kafin ciyawa ta ƙare, hutar da makiyaya a damina, kai wa dabbobi ruwa nesa da gaɓar rafi.

A hanyar dawowa na yi ta jujjuya wani lissafi da mai binciken nan ta ba ni. A 2012 cibiyarsu ta fitar da cewa tsakanin 1985 da wannan shekarar katangar ta rasa rabin murjaninta mai rai, kashi 48 na asarar daga guguwa, 42 daga tauraruwa mai ƙaya, 10 daga zafin ruwa da ke sa murjani ya koma fari fat. Laka ba ta cikin jerin. Tun daga lokacin kuma zafi ya yi ta dawowa, 2016, 2017, 2020, 2022, 2024, har ya zama shi ne babban abokin gaba. Katanga ce mai tsawon kilomita 2,300, kuma mafi yawanta tana can nesa inda jan ruwan kogi ba kasafai yake kaiwa ba. Akwai ma nau'o'in murjani da suka saba da duhun ruwa tun fil azal, wani lokaci duhun har inuwa yake musu daga zafin rana. Wanda ya ce saniya ce kaɗai ke kashe katangar ya yi ƙari.

Aikin laka na bayan fage ne. Guguwa takan karya, zafi yakan ƙona, kuma murjani ya saba tashi bayan faɗuwa idan aka ba shi shekara goma ko sha biyar. Tashin nan take hanawa. Bayan ambaliya da guguwar Yasi a 2011, ciyawar ƙasan teku ta mutu saboda rashin haske, aka yi ta tsintar gawar kunkuru da ayun teku a gaɓar Kwinsland. Su kuwa murjani, sau ɗaya a shekara suke babbar haihuwa, 'yan darare bayan wata ya cika, na bakin gaɓa galibi a Oktoba, na waje a Nuwamba. A wannan tsibiri na Magnetic ne ɗaliban bincike na Jami'ar James Cook suka gano hakan a farkon shekarun 1980. Ƙwai da maniyyi suna tashi sama, su haɗu, tsutsar ta yi kwanaki tana yawo, sannan ta sauko neman dutse mai tauri kuma mai tsabta da za ta manne. Shimfiɗar laka da ba ta kai kaurin farce ba ta isa ta hana ta zama.

Ranar da zan bar yankin na sake hawa jirgin fito. Iska ta lafa kwana biyu, ruwan ya ɗan washe, ina iya ganin ƙafata. Jagorar ta gane ni, ta ce, "Malam, me shanun suka ce?" Na ce mata sun ce in tambayi mai su, shi kuma ya ba ni ruwa a kofi.

Ta ce in biyo ta. Muka nutsa gefen wani tsohon dutsen murjani da ya mutu, samansa lulluɓe da laka da gajeriyar ciyawa. Ta yi min alama kada in duba sama, in leƙa ƙarƙashi. Na riƙe numfashi, na juya kaina, na kara fuska da bakin wani ɗan kogo. A jikin rufinsa, inda laka ba ta iya zama, akwai wasu ɗige-ɗige guda uku, kowanne bai fi farcen ɗan yatsa ba, masu ƙananan ramuka a jere. Numfashina ya ƙare kafin in gama kallo, na taso, na ja iska, na koma.